Fata tsaka-tsaki: wace kala ce ke karɓarta a kwalliya, gashi da kaya?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan abun da ya daɗe yana damuna. Fandeshan uku ne, wato man kwalliyar fuskar nan mai kalar fata, yanzu haka a gaban madubina kuma ba wanda ya zauna min, na farko in na shafa sai fuskata tai rawaya kamar wacce ta tashi daga ciwo, na biyu ja yake maida ni, fuska daban wuya daban, na ukun kuma da safe lafiya lau amma kafin azahar ya koma ruwan lemo. Wata da ta iya kwalliya ta kalle ni tace ai andaton ɗina, wato kalar da ke leƙowa daga ƙasan fatata, tsaka-tsaki ne, bai karkata ɗumi ba bai karkata sanyi ba, wai na huta komai zai min kyau. Toh in haka ne me yasa ba abunda ke zama? Na duba jijiyar hannuna kamar yadda ake cewa, wata na ganta kore wata shuɗi, na rasa gane komai. Ina kuma son canza kalar gashi amma tsoro nake ji, ga kaya ma wani in na saka sai ace ko bana jin daɗi ne. Ni wankan tarwaɗa ce mai ɗan duhu.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ai gaskiya ta gaya miki, masu tsaka-tsaki kun more wlh, gwal ya muku kyau azurfa ta muku kyau, ni da nake mai ɗumi in na saka azurfa sai kiga hannuna ya dusashe. Ki nemi fandeshan mai harafin N, wato na tsaka-tsaki, a jikin kwalbar shikenan kin gama.

Anty Mai Kwalliya:
Maman Biyu rabin maganarki gaskiya ce, amma wannan "komai zai miki kyau" ɗin ita ce ke sa yara asarar kuɗi. Ƙanwata bari in fara daga tushe. Kalar fata kashi biyu ce, akwai ta sama wato haske ko duhu, ita ce rana ke ƙarawa ko ragewa, akwai kuma wacce ke leƙowa daga ƙasa, ita ake cewa andaton. Mai ɗumi tata tana ɗaukar rawaya ko ruwan gwal, mai sanyi tana ɗaukar ja-ja ko ruwan hoda wani lokacin har shuɗi-shuɗi, tsaka-tsaki kuma duka biyun ne suka haɗu ba wanda ya rinjayi wani. Toh kinga matsalar, tunda ba wanda ya rinjaya, duk kwalbar da ta karkata gefe ɗaya nan take take nunawa a fuskarki. Mai ɗumi in ta shafa mai rawaya da yawa fatarta zata shanye, ke taki ba zata shanye ba. Shi yasa na farkon ya maida ke rawaya na biyun ya maida ke ja. Fatarki ba ta da laifi ko kaɗan.

'Yar Auta:
Allah sarki Anty, wlh har na fara tunanin ko ni ce ban iya shafawa ba. Na ukun fa da yake komawa lemo?

Anty Mai Kwalliya:
Shi wannan daban ne, canzawa yake bayan ya bushe ya gauraya da maiƙon fuska, da yawansu suna ƙara duhu ko su ɗauki lemo bayan wani lokaci musamman in fatarki mai maiƙo ce. Shi yasa ba a yanke hukunci a minti ɗaya. Ki ja layi uku a gefen muƙamuƙi, daga kumatu su gangaro wuya, ki bari kamar minti 15, sannan ki je bakin taga ki duba da madubi. Wanda ya ɓace kika rasa inda ya fara shi ne naki. Kar ki gwada a bayan hannu, hannu ya fi fuska shan rana da wanki, kalarsu ba ɗaya bace. Kuma kar ki yarda da hasken cikin kanti.

Malama:
Bari in ƙara akan maganar haske dan tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Ƙwan fitila mai ja-ja ɗin nan na ɗaki yana wajen 2700 zuwa 3000 a ma'aunin kalar haske da ake cewa kelbin, hasken rana tsaka kuma wajen 5000 zuwa 6500 ne. A ƙarƙashin na farkon kowa mai ɗumi ne, a ƙarƙashin farar fitila mai shuɗi-shuɗi kowa sai ya koma mai sanyi. Kyamarar waya ma gyara kala take da kanta, dan haka masu turo hoto suna tambaya "wane andaton ne dani" gsky ba a iya faɗa daga hoto.

Sai maganar jijiya. Jinin cikin jijiya ja ne mai duhu, ba shuɗi ba ba kore ba, yadda haske ke shiga fata ya dawo ne yake sa ido ya ganta shuɗi, kuma zurfin jijiyar da kaurin fatar duk suna canza abunda za a gani. Mai duhun fata sau da yawa ma ba zata ga kalar ba sam. Dan haka 'Yar Auta kar wannan gwajin ya ɗaga miki hankali, alama ce kawai mai rauni. Abunda ke ba fata kala a zahiri melanin ne, shi ma iri biyu, ɗaya baƙi ko ruwan ƙasa ɗaya kuma ja-ja mai rawaya, sai jinin da ke gudana ƙarƙashin fata, sai ɗan karotin. Yadda suka gauraya a jikin kowa daban ne, kenan maganar kashi uku sauƙaƙawa ce kawai aka yi dan a iya sayar da kwalba.

Ƙanwarku:
Malama ni na taɓa ganin wani jadawali mai lamba 1 zuwa 6, akace ni 5 ce, shi ne andaton ɗin?

Malama:
A'a ƙanwata, wannan ma'aunin Fitzpatrick ne, wani likitan fata a Amurka ne ya fito da shi a 1975, kuma abunda yake aunawa yadda fata ke amsa rana ne, wa ke ƙonewa wa ke yin duhu, dan a san yawan hasken da za a ba marasa lafiya wajen magani. Bai shafi ɗumi ko sanyi ba. Mutum biyu duk suna 5 amma ɗaya ja-ja ɗaya rawaya-rawaya.

Maman Biyu:
Toh ni dai har yanzu banga inda na yi kuskure ba, in ta sayi N ai magana ta ƙare ko

Anty Mai Kwalliya:
Da haka ne da mun huta Maman Biyu. N ɗin kowane kamfani da nasa. L'Oréal a True Match suna saka W na ɗumi da N na tsaka-tsaki da C na sanyi, wannan a bayyane yake. Amma MAC nasu a juye yake, NC ɗinsu shi ne mai ɗaukar rawaya da gwal, NW kuma shi ne mai ɗaukar ja-ja, mutum in bai sani ba sai ya ɗauko akasin abunda yake nema. Fenty kuma da suka fito a 2017 da kala 40, daga baya suka kai 50, lamba ce a jikin kwalbar sai kin karanta bayanin kowace lamba. Kuma ko a kamfani ɗaya N na masu haske da N na masu duhu ba lallai su zama ma'auni ɗaya ba, na sha ganin N na masu duhu da ja ya masa yawa. Kusan duk fandeshan daga kala huɗu ake haɗa shi, fari, rawaya, ja, baƙi, ukun ƙarshen sinadarin ƙarfe ne dangin tsatsa, toh in za a yi mai duhu sai a ƙara ja da baƙi, nan ne ake samun wanda ke maida mutum kamar bulo ko kuma ya yi toka-toka.

'Yar Auta kar ki zubar da na gabanki tukuna. Ɗauki na farkon mai rawaya da na biyun mai ja, in duhunsu ya zo ɗaya, ki ɗiga kowanne ɗigo ɗaya a bayan hannu ki gauraya da yatsa ki gwada a muƙamuƙi. Wlh rabin masu tsaka-tsakin da nake wa kwalliya haka nake musu.

Mai Ɗinki:
Sannunku da hira. Ni tambaya zan mata kafin a yi nisa. 'Yar Auta in kin tsaya kusa da taga ba kwalliya, gefen bakinki da wuyanki suna ɗan ɗaukar kore-kore ko toka? Dan yadda kika ce mai rawaya ya yi yawa mai ja ma ya yi yawa, kuma na ukun ya koma lemo, ni zuciyata ta fi kawo min ruwan zaitun. Da yawa ana ce musu tsaka-tsaki alhali zaitun ne, ni kaina shekara da shekaru haka ake ce min.

'Yar Auta:
Hajiya ban taɓa lura ba gsky, ashe akwai na huɗu kuma? Ni na ɗauka zaitun na Larabawa ne da 'yan Indiya

Mai Ɗinki:
Ko kaɗan, ana samunsa a fara ana samunsa a baƙa. Alamarsa ita ce kusan kowace hoda ta koma miki lemo ko ruwan hoda, jambaki mai haske ya zauna a bakinki kamar alli, kuma in kin saka mayafi ruwan hoda mai haske sai fuskarki tai kore. In haka ne N ma ba zai isa ba sai an ɗiga ɗan shuɗi ko kore, akwai ruwan gaurayawa da ake sayarwa dan haka.

Anty Mai Kwalliya:
Hajiya ta kawo magana mai kyau. Ga yadda za ki raba gardama: ki wanke fuska ki jira kamar rabin awa jan gugar tawul ya sauka, ki ɗaure gashi ki rufe kafaɗa da farin ƙyalle, ki riƙe farar takarda gefen kumatu a hasken taga. In kinga rawaya ɗumi, in kinga ja-ja sanyi, in kinga kore-kore ko toka zaitun, in kuma kin kalla kin kalla ba abunda ya fito sai ruwan ƙasa zalla toh tsaka-tsakin ne. Ki duba ƙirji da bayan kunne ma dan fuska tana da tabo da ƙuraje da ke ruɗa ido. Abu ɗaya kuma zan faɗa ba dan ke ba, dan masu karantawa: wacce ke shafa man bilicin ba zata gane andaton ɗinta a fuska ba, mayukan nan musamman masu siteroyid suna sa fata tai siriri jijiyoyi su fito ta koma ja, ga gaɓoɓin yatsu baƙi, sai a rasa wace kala za a bi. Ba kwalbar da ke gyara wannan sai an daina an ga likitan fata.

'Yar Auta:
Alhamdulillah ni bana shafawa. Gobe da safe in sha Allah zan gwada takardar in dawo muku. Kafin nan dan Allah maganar kaya, dan ita tafi ci min rai. Ina da wani mayafi ruwan lemo mai ƙarfi da nake matuƙar so amma duk ranar da na yafa sai an tambaye ni ko lafiya

Mai Ɗinki:
Yawwa nan ne fagena. Kinsan ido baya ganin kala ita kaɗai, kullum yana gwada ta da maƙwabciyarta. In kika ajiye ƙyalle ruwan toka akan lemo sai kiga tokar ta ɗauki shuɗi, ki ɗauke shi ki ɗora akan shunayya sai ya ɗauki rawaya, ƙyalle ɗaya ne fa. Toh fatar tsaka-tsaki kamar wannan tokar take, tunda ba ta da gefen da ta riƙe da ƙarfi, kala mai ihu sai ta tura ta ɗaya gefen. Lemo mai ƙarfi zai sa ki dusashe ki yi toka, shi ne ake tambayarki ko lafiya. Shunayya mai ƙarfi zata sa ki yi rawaya, kore mai ƙarfi ya fito da jan fuskarki da duk wani ƙurji.

Malama:
Hajiya wannan abun da kika faɗa har suna gare shi a kimiyya. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Chevreul, shi ke kula da rini a masaƙar Gobelins a Paris, aka riƙa kawo ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya fita da kyau, da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, kalolin da ke kewaye da baƙin ne ke canza yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa bayanin. Kenan masu zare da ƙyalle ne suka fara gano abun tun kafin masu hoda.

Mai Ɗinki:
Ikon Allah, ashe abun namu ne. Toh ni abunda nake gaya wa masu kawo min ɗinki, in ke tsaka-tsaki ce ki daina wahalar da kanki da ɗumi ko sanyi, ki koma kallon abu biyu, duhun kalar da kuma ƙarfinta. Ja na ainihi wanda bai karkata lemo ba bai karkata shunayya ba yana muku kyau sosai. Shuɗi mai ɗaukar kore ɗin nan da ake cewa til shi kam ban taɓa ganin wacce ya ƙi ba. Ruwan hanta, nebi bulu, kore mai duhu irin na kwalba, ruwan ƙasa mai duhu, toka mai duhu irin gawayi, duk suna tsakiya. Fari kuma ki fi karkata ruwan madara mara rawaya sosai, dan fari fat ɗin nan mai ƙyalli yana ɗauke da shuɗi a cikinsa. Kuma abunda ke kusa da fuska shi ne abun kula, mayafi, ɗankwali, wuyan riga. Siket ko wando ki saka duk kalar da ranki ke so ba ruwan fuska da shi. Mayafin lemon naki ma kar ki bayar, ki saka hula ko ɗankwali ruwan madara ko ruwan ƙasa ya ɗan leƙo tsakaninsa da goshinki, zakiga bambanci.

Ƙanwarku:
Amma Hajiya ni duk inda na karanta cewa suke masu tsaka-tsaki su saka kaloli masu laushi, ruwan hoda mai ƙura, kore mai toka-toka, irin waɗanda suka ɗan koɗe, su guji masu ƙarfi. Ke kuma kina lissafa masu duhu

Mai Ɗinki:
Na san wannan lissafin 'yata, kuma ban yarda da shi duka ba. Yawancin masu rubuta shi farar fata suke kallo mai gashi ruwan ƙasa, tsakanin fatarta da gashinta da idonta ba tazara sosai, ita kala mai laushi ta dace da ita. Ki ɗauki wannan ruwan hodar mai ƙura ki ɗora wa baƙa mai sheƙi, sai kiga kamar kayan sun sha wanki sun gaji, ita kuma fuskar ta rasa abunda zai ɗaga ta. Na ɗinka wa wata baƙa sosai riga kore mai toka-toka dan ta nace, ranar gwaji muka tsaya gaban madubi mu biyu shiru, sai na ɗauko ragowar wani yadi kore mai zurfi na ɗora mata a kafaɗa, nan take farin idonta ya fito haƙoranta suka yi haske, ita da kanta tace a sake. Tsaka-tsaki ce kuwa. Dan haka duhun fatar ma yana da ta cewa, wankan tarwaɗa irin 'Yar Auta tana iya ɗaukar masu laushin da masu zurfin, amma mai duhu sosai zurfi ya fi karɓarta.

Malama:
Ina bayan Hajiya anan. Tun 1905 wani malamin zane a Amurka, Munsell, ya raba kowace kala gida uku: wace iri ce, haskenta ko duhunta, sai ƙarfinta. Andaton na farkon kawai ya taɓa. Tsarin nan na raba mutane gida huɗu da sunan yanayin shekara da ya yi tashe a Amurka wajen 1980 kowa sai an tura shi ɗumi ko sanyi, da aka ga mutane da yawa basa shiga ko'ina sai masu harkar suka faɗaɗa shi zuwa 12 dan a sama wa na tsakiya wuri. Kenan ko su sun yarda ɗumi da sanyi kaɗai basu isa ba.

Maman Biyu:
Toh na sallama akan kaya, amma gwal da azurfa dai gaskiyata ce

Anty Mai Kwalliya:
Wannan kam taki ce Maman Biyu, duka biyun suna zama, har ta haɗa su a hannu ɗaya ma ba laifi, ga gwal mai ɗaukar ruwan hoda shi ma kamar dan su aka yi.

Bari in ƙarasa na fuska tunda an taɓo. Jambaki: ki ɗan jawo leɓenki na ƙasa ki kalli kalar cikinsa, wanda za ki saka kullum ya zama kusa da wannan ko ya fi shi duhu kaɗan, ruwan ƙasa mai ɗaukar ruwan hoda. Wanda ya fi fatarki haske kar ki saka shi tsirara sai kin zagaye da jagira ruwan ƙasa kin murza. Ja kuma ki nemi na tsakiya, ki shafa a farar takarda ki ja shi da yatsa har ya yi siriri, a ƙarshen jan zakiga ko lemo ya fito ko ruwan hoda, wanda ya tsaya ja har ƙarshe shi ne naki. Na kumatu ki nemi ruwan hoda mai ɗan ƙasa-ƙasa ko ruwan hanta mai laushi, ki bar lemo zalla da ruwan hoda mai ihu. Na ido ruwan tagulla, ruwan ƙasa, shunayya mai duhu. Abu ɗaya da nake roƙo, in kin ɗauki ɗumi a ido ki bi da ɗumi a kumatu da baki, in sanyi sanyi, tunda fatarki bata zaɓa miki gefe ba ke za ki zaɓa a ranar, in kika cakuɗa lemo a ido ruwan hoda mai sanyi a baki fuskar sai ta rabu biyu.

Hoda kuma ki yi hankali da mai rawaya sosai ɗin nan ta ƙarƙashin ido, ga mai ɗumi tana narkewa, ke zata zauna miki kamar an zana. Fara mai silika ita kuma a ido ba a ganinta amma filashin kyamara na dukanta sai ta fito fat, haka man kariyar rana mai zink ko titaniyam yana barin toka a fata mai duhu, sai ki ɗora fandeshan daidai amma ki ga kin yi fari ki zargi kwalbar. Ba nace ki bar man rana ba, ki nemi mai kala ko wanda baya barin fari. In kina da baƙin tabo ki ɗan ɗiga mai gyara kala ruwan lemo akan tabon kaɗai kafin fandeshan, kaɗan fa, in ba haka ba tabon zai leƙo toka-toka.

Mai Gyaran Gashi:
Na shigo a makare, naga an ambaci gashi. 'Yar Auta rini za ki yi ko wig ko ƙari? Dan amsar ta bambanta. In wig ne ko ƙari lambobin kusan ɗaya ne ko'ina: 1 baƙi ƙirin ne har yana ɗaukar shuɗi, 1B baƙi irin na halitta, 2 ruwan ƙasa mai duhu sosai, 4 ya fi shi haske, 33 da 30 masu ɗaukar ja-ja, 27 ruwan zuma, 99J ruwan hanta, 613 kuma fari-fari ne. Ga tsaka-tsaki wankan tarwaɗa ni 2 da 4 nake fara miƙawa, 1B ma lafiya. Lamba 1 tana ƙara fito da duhun ƙarƙashin ido. 27 ko 30 in za ki saka kar ya fara daga goshi, saiwar ta zama 1B ko 2 hasken ya sauko ƙasa, dalilin dai shi ne wanda Hajiya ta faɗa akan mayafin lemo. 99J yana zama sosai dan jan nasa ya zurfafa. 613 kam duk kan gaba ɗaya sai kin shirya cika kwalliya kullum.

'Yar Auta:
Rini nake so Anty, gashina ne na kaina ban taɓa saka masa komai ba

Mai Gyaran Gashi:
Toh saurara da kyau. A kwalin rini lambar farko duhu ce, 1 baƙi har zuwa 10 mafi haske, wacce ke bayan ɗigo kuma ita ce karkatar kalar, a yawancin kamfanoni 0 na halitta, 1 toka, 3 gwal, 4 tagulla, amma wasu nasu lissafin daban dan haka ki karanta sunan ma. Ke mai 0 bayan ɗigo ko wanda aka rubuta N. Amma ki sani hoton jikin kwali ba akan baƙin gashi aka ɗauka ba. Baƙin gashi in aka fara buɗe shi ja yake fara bayarwa, sannan lemo, sannan rawaya, kenan ko kin sayi na tsakiya gashinki da kansa zai ƙara masa ɗumi, shi yasa wani lokacin nake ɗan haɗawa da mai toka dan ya dawo tsakiya. Kar ki wuce mataki biyu daga kalarki a karon farko. Sannan dan girman Allah ki yi gwaji awa 48 kafin, ki shafa kaɗan a bayan kunne ki bari, yawancin rini mai duhu yana da sinadarin PPD kuma akwai waɗanda jikinsu baya ɗauka, na ga fuskar da ta kumbura har ido ya rufe, ba abun wasa bane. In kin saka man miƙar da gashi kar ki yi rini rana ɗaya, ki bar sati 2 aƙalla. Kuma ki yanki ɗan gashi daga ƙeya ki gwada akansa kiga kalar da zai bayar.

Ƙanwarku:
Nikam yau na ƙaru, ashe 27 ɗin da nake sakawa tun daga goshi ne ke sa nake ganin fuskata wani iri

Mai Gyaran Gashi:
Ki gwada mai baƙar saiwa kiga, ko ki fitar da ɗan gashinki na gaba.

'Yar Auta:
Salam, na dawo kamar yadda nai alkawari. Na yi gwajin takardar da safe a bakin taga, na kira yayata ma ta duba dan kar idona ya yaudare ni. Kumatu da ƙirji ruwan ƙasa ne zalla bamu ga rawaya ko ja ba, amma gefen baki da ƙasan muƙamuƙi akwai ɗan toka-toka kaɗan, ita tace kore ni nace toka. Na haɗa na farkon da na biyun ɗigo ɗaya ɗaya sai ya ɗan yi ja, na ƙara rabin ɗigo na mai rawayan, wlh Anty ya ɓace a wuyana har na rasa inda na shafa, yanzu awa 4 kenan bai canza ba. Mayafin ma na gwada da hula ruwan madara a ciki, ya fi da, amma da na ɗora wani nebi bulu na yayata sai naga lemon bai kai shi ba ko kusa.

Mai Ɗinki:
Masha Allah. Wannan tokar ta gefen baki in a wurin kaɗai take ba zaitun bace, duhun gefen baki ne da yawancinmu ke da shi, zaitun zakiga shi har ƙirji da dantse. Na janye zato na, tsaka-tsakin ce.

Anty Mai Kwalliya:
Alhamdulillah naji daɗi sosai. Ki riƙe ma'aunin, ɗaya da rabi na rawaya ɗaya na ja. Ki samu ƙaramin mazubi mai murfi mai tsafta ki haɗa na kwana biyu uku kawai, kar ki juye kwalba cikin kwalba. Ranar da za ki sayi sabo ki shafa haɗin naki a farin kati ya bushe ki tafi da shi, ki gwada na kantin kusa da shi ki fita waje ki duba. Gefen bakin kuma ɗan mai gyara kala ruwan lemo kaɗan kafin fandeshan. Lokacin zafi in kin ƙara duhu za ki buƙaci wanda ya fi wannan duhu mataki ɗaya, amma karkatar tana nan yadda take.

'Yar Auta:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na ukun mai komawa lemo fa, in yar?

Anty Mai Kwalliya:
In ya fi fatarki duhu bayan ya bushe ki riƙa ɗiga shi kaɗan a gefen goshi da ƙarƙashin ƙashin kumatu ki baje sosai, a nan ɗumin nasa amfani zai miki. Ki dai duba ƙasan kwalbar akwai hoton ɗan gwangwani a buɗe da lamba kamar 12M, watannin da zai yi bayan buɗewa kenan, in ya wuce ko warinsa ya canza ki yar.

Mai Gyaran Gashi:
Rinin kuma ki turo mana hoton gashin ƙeyar da kika gwada kafin ki shafa wa kai gaba ɗaya, a hasken taga ba na ɗaki ba.